FASHIN BAƘI: Dalilin da ya sa masu doguwar tafiyar keke don agaji ke godiya tun kafin su bar gida

A ƙarshen mako na farko a watan Agustan kowace shekara, mutum fiye da 6,000 kan hau kekuna a jihar Massachusetts ta Amurka, su ratsa birane da ƙauyuka, wasu na yini guda, wasu na kwana biyu. Shekaru da dama, hanyar da ta fi suna ta kasance tana tashi daga garin Sturbridge, ta dire a Provincetown da ke bakin tekun Atlantika, tafiyar kimanin kilomita 300. Ba tsere ba ne. Babu kofi ga wanda ya riga kowa isa, babu kuma tsiya ga wanda ya zo a ƙarshe. Sunan taron Pan-Mass Challenge, ana taƙaita shi da PMC, kuma kuɗin da ake tarawa na tafiya ne ga cibiyar Dana-Farber da ke Boston, wadda ke bincike a kan ciwon daji da jinyar masu fama da shi.

Makonni kafin wannan rana, wasiƙun godiya sun riga sun cika akwatunan saƙon jama'a. Mai keke bai taka feda ko sau ɗaya a kan hanyar ba, amma yana ta rubuta wa gwaggonsa da abokin aikinsa da tsohon maƙwabcinsa cewa ya ga saƙo, ya gode. Ga wanda ya saba da a yi godiya bayan an kammala aiki, wannan zai yi masa kama da riga malam masallaci. Sai dai idan aka duba yadda harkar ke tafiya, za a ga cewa godiyar tana daga cikin aikin kansa, kuma a cikinta ne ake gane wanda ya ɗauki amanar kuɗin mutane da muhimmanci da wanda yawon buɗe ido kawai ya fita.

Bashin da mai keke ke ɗora wa kansa

Wani matashi mai suna Billy Starr ne ya faro PMC a shekarar 1980, shekaru kaɗan bayan ciwon daji ya yi ajalin mahaifiyarsa tana da shekara 49. Mutum 36 suka hau keke a karon farko, suka tara dala 10,200. A 2024 kaɗai an miƙa wa Dana-Farber dala miliyan 75, kuma a wannan shekarar ce jimillar abin da aka tara tun daga farko ta haye dala biliyan ɗaya. Fiye da rabin abin da asusun tallafin cibiyar, wato Jimmy Fund, ke samu a shekara daga masu keken nan yake fitowa.

Sirrin wannan tarin kuɗi ba a ƙwanjin ƙafa yake ba, yana cikin wata yarjejeniya da ake ƙullawa tun a watan Janairu, lokacin rajista. Duk mai son shiga sai ya biya kuɗin rajista daga aljihunsa, sannan ya yi alƙawarin tara mafi ƙarancin adadin da aka yanka wa hanyar da ya zaɓa. A 'yan shekarun nan, adadin ya kai dala 6,000 ga manyan hanyoyin kwana biyu. Yana kuma ba da lambar katin bankinsa a matsayin jingina. Idan farkon watan Oktoba ya zo bai cika ba, daga katin za a cire ragowar, ko ya hau keken ko ciwon gwiwa ya zaunar da shi a gida.

To, a nan godiyar ta samo asali. Duk wanda ya aiko da dala 50 a watan Mayu ya rage wa mai keke bashi ne na haƙiƙa, bashin da da ba don shi ba daga kuɗin cefanen gida za a biya. Shi kuma mai keke, tunda ya karɓa, ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wasiƙar godiyarsa ta zama rasit, ta kuma zama sabunta alƙawari a gaban shaidu: na karɓi kuɗinka, zan hau keken.

Akwai wani dalili mai zurfi fiye da wannan. A al'adarmu, idan aka aiko ɗan aike da kyauta, wanda aka kawo wa shi ke ba da tukwici, in kuma ba shi da abin bayarwa ya yaba, tunda yaba kyauta tukwici. A tafiyar agaji an juya lamarin. Mai keke ɗan aike ne, ba shi zai ci kyautar ba. Wanda zai ci ta, wato majinyacin da ke kwance a asibiti ko wanda za a haifa nan da shekara goma ya tarar an gano maganin cutarsa, ba zai taɓa sanin sunan mai bayarwa ba. Nauyin yabawar sai ya faɗo kan ɗan aiken, domin shi kaɗai ya san ɓangarorin biyu.

Tsarin yana da tabonsa, kuma bai kamata a ɓoye ba. Wanda zai iya alƙawarin dala 6,000 mutum ne mai abokai masu abin hannu, ko mai asusun da zai jure cirewa. Direban bas da ya rasa mahaifinsa ta hanyar wannan ciwo yana iya fin kowa zafin zuciya a kan lamarin, amma ƙofar manyan hanyoyin ta fi ƙarfinsa. Masu shiryawa sun tanadi gajerun hanyoyi masu sauƙin alƙawari, duk da haka taron ya fi zama na masu hali.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Shirin jiki kan ɗauki wata huɗu zuwa shida. A Massachusetts dusar ƙanƙara kan rufe hanyoyi a hunturu, saboda haka da yawa kan fara ne a cikin ɗaki, a kan keken da aka kafe wuri ɗaya. Idan gari ya sake, sai a fita, ana ƙara nisan tafiya kaɗan-kaɗan kowane mako. Abin da ya fi muhimmanci ga mai shirin kwana biyu shi ne ya saba da doguwar tafiya ranar Asabar, ya sake hawa ranar Lahadi da gajiyar jiya a jikinsa, domin safiyar rana ta biyu ita ce ke karya mutane. Mako ɗaya ko biyu kafin ranar sai a rage atisaye, jiki ya huta.

Ci da sha ma sai an koya. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu idan ana aiki mai ƙarfi. In ya ƙare, ƙafa kan mutu, ido ya yi duhu, mutum ya kasa haura tudun da yaro zai haura. Shi ya sa ake son mai keke ya riƙa cin abin da ya kai giram 30 zuwa 60 na abinci mai ba da kuzari kowace awa, kwatankwacin ayaba ɗaya ko biyu, ko 'yan ƙwayoyin dabino, tun kafin ya ji yunwa. Sai kuma matsalar da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba: gogar sirdi. Awa shida ko bakwai a zaune kan sirdin keke kan saɓule fata, kuma ta sha sauke mutanen da huhunsu da ƙafafunsu lafiya lau suke.

Duk wannan lokaci daga wurin wani aka ciro shi. Asabar ashirin da mai keke ya yi a kan hanya, wani ne ya zauna da yara, ya je kasuwa, ya kai gaisuwar da ya kamata su je tare. Akwai mai gyaran keken da ya ɗaure birki ya sauya sarƙa. A ranar tafiyar kuma akwai masu aikin sa-kai fiye da 3,000 da ke raba ruwa, suna faci, suna dafa abinci, suna ɗaukar jakunkuna zuwa masaukin dare a garin Bourne. Wasiƙar godiya da ta lissafa masu kuɗi kaɗai ta manta da waɗannan, ba ta cika ba.

Shin godiya na ƙara jawo kuɗi?

Masu sana'ar tara gudummawa sun daɗe da yarda cewa wanda aka gode wa zai sake bayarwa baɗi. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Anya Samek da Chuck Longfield, suka ce bari a gwada. Sun yi aiki da tashoshin talabijin masu dogaro da gudummawar jama'a da wata babbar ƙungiyar agaji, inda aka raba sababbin masu bayarwa kimanin 600,000 gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu aka buga musu wayar godiya, wasu ba a buga ba. Kafin a fitar da sakamako an tambayi ƙwararru hasashensu, suka ce wayar za ta ƙara yawan masu dawowa da kusan kashi 80 cikin ɗari. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna babu wani bambanci ko kaɗan.

Dole a yi wa binciken adalci. Waya ce daga baƙon da aka ɗauka aiki yana karanta rubutun da aka ba shi, ba wasiƙa ce daga ɗan 'yar'uwarka da ka san yana tashi da asuba yana atisaye ba. Amma ya rushe tunanin cewa godiya jari ce da ake zubawa don a girbi riba. Idan ba ta ƙara ko kwabo, dalilin yin ta ya rage guda: haƙƙin mai bayarwa ne ya san kuɗinsa sun iso, ya kuma san inda suka dosa.

Nawa ne ke isa asibitin?

Wannan ita ce tambayar da ta taɓa tarwatsa wata babbar harka. A 1994 Dan Pallotta ya ƙirƙiro tafiyar keke ta kwana bakwai daga San Francisco zuwa Los Angeles domin tallafa wa masu cutar ƙanjamau, a lokacin da cutar ke kashe dubban Amurkawa kowace shekara. Kamfaninsa, Pallotta TeamWorks, na neman riba ne, kuma ya yaɗa tsarin zuwa wasu jihohi. Kuɗi sun shigo ƙwarai. Amma tallace-tallace da tantuna da abinci da albashi da ladan kamfani duk daga cikin gudummawar ake cire su. A tafiyar 1996 daga Philadelphia zuwa Washington, abin da ya isa hannun ƙungiyoyin agajin bai kai kashi ɗaya bisa huɗu ba, har ofishin babban lauyan jihar Pennsylvania ya shiga maganar. Mutanen da suka yi wata shida suna roƙon danginsu, suna rubuta musu godiya, sai suka wayi gari suna jin kunyar haɗa ido da su.

Ƙungiyoyin California da ke cin gajiyar tafiyar, ciki har da San Francisco AIDS Foundation, suka raba gari da kamfanin, suka kafa tasu mai suna AIDS/LifeCycle a 2002. A watan Agustan wannan shekarar kamfanin Pallotta ya rufe. Shi kuwa bai taɓa yarda ya yi laifi ba. A littafinsa na 2008 da wani jawabinsa da ya yi suna a 2013, ya kafa hujja da cewa tarukansa sun bar wa ƙungiyoyin agaji fiye da dala miliyan 300 bayan an cire hidima, kuma gara a kashe kashi 40 a tara miliyoyi da a kashe kashi 5 a tara 'yan dubbai. Hujjar tana da ƙarfi, kuma duk wanda ya taɓa gudanar da ƙungiya ya san babu aikin da ke tafiya ba da kuɗin hidima ba. Inda ta gaza shi ne ba ta amsa ƙorafin mai bayarwa ba. Shi ba ya cewa kada a sayi ruwan sha ga masu keke. Cewa yake a gaya masa tun kafin ya zaro kuɗinsa.

PMC ta bi wata hanya dabam. Tun daga 2007, duk dalar da mai keke ya tara tana isa Dana-Farber ba tare da an taɓa ta ba. Ba wai taron ba ya cin kuɗi ba ne: kuɗin rajista da tallafin kamfanoni da kayan da ake bayarwa kyauta su ke ɗauke hidimar. An raba aljihu biyu ne, aka kuma bayyana wa kowa. Ita kuwa AIDS/LifeCycle, bayan ta tara fiye da dala miliyan 300, ta yi tafiyarta ta ƙarshe a watan Yunin 2025, domin tsadar shiryawa ta ƙaru, masu shiga kuma sun ragu tun bayan annobar korona.

Daga Landan zuwa Legas

Ɗan Najeriyar da ya fi jan hankali da irin wannan tafiya a 'yan shekarun nan babur ya hau, ba keke ba, amma tsarin ɗaya ne. Kunle Adeyanju, jagora a wani reshen ƙungiyar Rotary a Legas, ya bar Landan ranar 19 ga Afrilun 2022 da nufin tara kuɗin yaƙi da shan-inna. Ya ratsa Faransa da Sifaniya, ya tsallaka Maroko, ya bi hamada zuwa Muritaniya da Senegal, ya gangaro ta Mali, inda ƙafar babur ɗinsa ta lalace a hanya. Ya tsara kwana 25, tafiyar ta ci masa kwana 40, ƙasashe 13, kilomita kimanin 13,000. Ya shigo Legas ta iyakar Seme ranar 29 ga Mayu.

Zaɓen Rotary yana da hikima ta fuskar lissafi. Ƙungiyar ta fara shirinta na shan-inna tun 1985, kuma gidauniyar Gates tana ɗora dala biyu a kan kowace dala ɗaya da Rotary ta tara don wannan aiki, har zuwa dala miliyan 50 a shekara. Wanda ya ba da ɗaya, uku ce ke isa.

Wannan labari ya shafi Arewa kai tsaye. A 1988, lokacin da aka ƙaddamar da yaƙin kawar da cutar a duniya, tana shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. A 2003 Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafi saboda zargin an gurɓata maganin, zargin da ya samu gindin zama domin mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Kafin a dawo da rigakafin a watan Yulin 2004, cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. An ga ƙwayar cutar ta asali karo na ƙarshe a Najeriya a jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga gare ta. Amma wani nau'in da ke ɓulla inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba yana nan yana yawo, musamman a Arewa maso Yamma.

Mai babur ya samu tarba da kyamarori, kuma ya cancanta. Sai dai kuɗin da ya tara ba su zama ɗigon magani a bakin yaro ba sai da wata mata ta ɗauki akwatin ƙanƙara ta bi gida-gida a rana, ana yi mata kallon zargi, a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga sun harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Da wuya ka ga sunan irin waɗannan a cikin jerin waɗanda aka gode wa.

Tattakin da muka sani, da wanda ba mu saba ba

Doguwar tafiya don nuna manufa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A watan Afrilun 2015 Suleiman Hashimu ya taka daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar Muhammadu Buhari, kuma bayansa masu tattaki suka yi ta fitowa, kowa da gwaninsa. Bambancin yana inda godiya ta fuskanta. Tattakin siyasa yana ƙarewa ne a gidan gwamnati, mai tafiya ya karɓi kyauta daga mutum ɗaya, ya gode masa. Tafiyar agaji kuwa tana tara kuɗi daga mutum ɗari ko dubu, ta kai wa wanda ba shi da muƙamin da zai saka wa kowa, kuma mai tafiya ba ya komawa gida da komai sai ciwon jiki.

Matashin da ke son hawa keke daga Kano zuwa Legas, tafiyar da ta kai kilomita dubu, don wani asibiti ko makaranta, zai tarar da cikas ɗin da takwaransa na Boston bai sani ba. Ban da tsaron hanya da manyan motoci da zafin rana, akwai batun inda kuɗin za su sauka. Mai keken PMC ba ya taɓa kuɗin da hannunsa, kai tsaye suke shiga asusun taron, kuma kowa na iya ganin jimillar a shafinsa. A nan kuwa dandalin GoFundMe ba ya ba mazauna Najeriya damar cire kuɗi, saboda haka yawancin neman taimako kan ƙare ne da lambar asusun mutum ɗaya da aka liƙa a Facebook ko WhatsApp. Ba mai ganin abin da ya shiga sai mai asusun. Daga nan ake samun zargi, wani lokaci a kan mai gaskiya, wani lokaci kuma mai cuta ya sha.

An taɓa gwada wata hanya a ƙasar nan. Lokacin zanga-zangar EndSARS a watan Oktoban 2020, ƙungiyar Feminist Coalition ta riƙa wallafa abin da ya shigo da abin da aka kashe kusan kullum, har ta tara kusan naira miliyan 148, sannan ta sanar ta daina karɓa, ta kuma faɗi yadda za a raba ragowar. Ko mene ne ra'ayin mai karatu a kan zanga-zangar, darasin lissafin yana nan. Hakan bai hana a zarge su daga baya ba, amma da zargin ya zo, a kan alƙaluman da kowa ya gani aka yi gardama.

Mai shirin hawa keke zai iya yin haka da ƙaramin ƙarfinsa. Kafin ya nemi ko sisi, ya samu amincewar asibitin ko ƙungiyar a rubuce, kuma asusunta mai rajista ya bayar, ba nasa ba. Kuɗin tayoyi da abinci da masauki ya nemi wanda zai ɗauke su dabam, in kuwa daga gudummawar za a cire, ya faɗi nawa ne tun a saƙon farko. A kowace godiya da zai aika kafin tashi, ya sa jimillar da aka samu zuwa ranar, da abin da ya rage a cimma, da ranar da za a miƙa kuɗin. Wanda ya ce a sakaya sunansa, a sakaya, amma a rubuta adadin da ya bayar cikin lissafi. Ya kuma faɗi abin da zai faru da kuɗin idan rashin lafiya ko rufe hanya ya tsayar da shi a Kaduna ko Ilori, domin wannan ita ce tambayar farko da masu bayarwa za su yi masa ranar da hakan ta faru.